Baƙin Babur Ɗin Mista Nduka

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai yayana Malam Tanimu makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a, in yi sadaka daidai ƙarfina, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara, domin an aiko mini da wani katin gayyata mai ruwan zinare, wanda tun da na karanta shi abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Zan zo kan maganar katin. Amma ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa wasiyya ɗaya tak yayana ya bar mini, wato in mayar wa wata baiwar Allah a Sabon Gari babur ɗin mahaifinta, kuma har yau ban mayar ba.

Duk wanda ya zauna a Fagge a wancan zamani ya san garejin Tanimu Mai Babur. Shago ne a gaban gidanmu na gado, ƙofarsa na kallon titi. Gaba wurin gyara ne, can ciki kuma ya jere tsofaffin babura guda tara, kowanne da buhun da ake lulluɓe shi. Mutanen unguwa suna yi masa dariya, suna cewa Tanimu ya buɗe gidan gajiyayyu. Shi kuwa sai ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ya ci gaba da aikinsa. Ni ma ina cikin masu dariyar. Ni ɗan kasuwa ne, a Kantin Kwari na yi rayuwata ina sayar da atamfa, kuma a wurinmu kayan da suka shekara ba su fita ba asara ce.

Amma idan ka zauna kusa da shi ya ɗage buhunan nan, tarihin garin nan zai karanta maka. Zai nuna maka manyan baburan Ingila masu nauyi, irin waɗanda Turawan mulki da ma'aikatan gona da masu awon gyaɗa suka riƙa shiga ƙauyuka da su. Giyarsu a ƙafar dama take, kuma idan ba ka iya buga musu kik ba, sai su mayar maka da shi su kusa karya maka ƙafa. Ko'ina ka ajiye su sai sun ɗigar da baƙin mai, shi ya sa Yaya yake cewa babur ɗin Ingila in ya daina yoyo to man ne ya ƙare. Daga nan zai nuna maka besfa, abin hawan malaman makaranta da akawuna, wadda mutum zai hau da farar riga ya sauka da abarsa fes. Sai kuma na Japan da suka cika gari lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, suka kori na Ingila daga titi saboda sauƙin sha'ani. Bai taɓa sayen ko ɗaya don ado ba. Wani a bola ya tsinto shi, wani magada ne suka gaji da shi suka kawo masa, shi kuma ya bi shi ƙusa bayan ƙusa har ya tashi.

Takwas nasa ne. Na tara, baƙi, na Ingila, mai zanen zinare a gefen tanki, ajiya ne. Mai shi wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne mazaunin Sabon Gari, Mista Nduka, wanda ke kawo wa Yaya gyara tun yana sabon buɗe shago. A shekarar da gari ya rikice, mutanen Sabon Gari suka yi ta tururuwa zuwa tasha da abin da hannunsu zai iya ɗauka, Mista Nduka ya tuƙo babur ɗin nan har cikin garejin, ya miƙa wa Yaya makulli, ya ce ya riƙe masa zuwa lokacin da ƙura za ta lafa. Babu takarda, babu shaida sai ni da nake tsaye ina kallo. Aka yi yaƙin basasa, aka gama, mutane da yawa suka dawo suka karɓi gidajensu da shagunansu. Mista Nduka bai dawo ba.

Shekara talatin da uku babur ɗin nan ya yi a hannun yayana. Duk safiyar Juma'a zai fito da shi, ya goge, ya duba mai, ya tayar da shi ya bar injin ya ɗan yi zafi, sannan ya mayar. Bai taɓa hawansa ya zaga ko bayan layi ba. A shekarun da abinci ya yi tsada wani Bature ya zo har gida yana neman saye, Yaya ya ce masa ya zaɓi wanda yake so cikin takwas, wannan kam ba shi da ikon yi masa kuɗi. 'Ya'yansa duk sun tashi sun san da haka. Babban ɗansa Kabiru ya sha rankwashi a kan hawa kujerar babur ɗin, kuma duk rankwashi da jimlarsa: wannan ba namu ba ne. Na faɗi haka ne don kada gobe wani ya ce bai sani ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne 'yar mai babur ɗin ta fi shekara goma tana sayen atamfa a shagona ban sani ba. Madam Ngozi tela ce a Sabon Gari, a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge fita. Tana da shekara bakwai suka gudu, mahaifinta ya rasu a yaƙi, ita kuma aure ya dawo da ita garin. Wata rana muna hira tana zaɓen kaya, ta ce abin da take tunawa da mahaifinta shi ne ƙarar babur ɗinsa, tun daga kan kwana suke jin ta su fito da gudu. Na tambayi aikinsa, ta faɗa. Na tambayi sunansa, ta faɗa. Ranar na rufe shago tun kafin la'asar na kai ta Fagge.

Da Yaya ya ɗage buhun, matar nan ta durƙusa ta dafa tankin ta yi kuka, mu ma muka kawar da kai. Ni a ganina ranar magana ta ƙare: a kira mai kura a ɗora mata kayanta. Amma Yaya ya ƙi. A lokacin babur ɗin ya kusa shekara biyu bai tashi ba, domin naɗin wayar da ke ba shi wuta ya ƙone, kuma an daina kawo irinsa.

“Da ƙararsa ya shigo gidan nan,” in ji shi, “da ƙararsa zai fita. Ba zan mayar wa marainiya gawar babur ba. Ki ba ni zuwa bayan Babbar Sallah.”

Na yi masa magana, na ce Yaya rai ba a hannunmu yake ba. Ya ce ni dai in tsaya kan atamfata. Wannan taurin kan nasa na makanikai yana cikin abubuwan da har yau nake jin haushinsa a kai, Allah Ya gafarta masa. Ya nemo wani dattijo mai naɗin koyil a Sabon Gari, suka yi wata uku suna naɗawa suna warwarewa. Kwana kaɗan bayan Sallah babur ya tashi. Ina wurin. Ƙarar ta cika layin, har masu shago suka leƙo. Yaya ya ce ranar Juma'a shi da kansa zai hau shi, karo na farko, ya kai mata har ƙofar shago. Ranar Litinin ya faɗi a garejin, ranar Laraba ya cika. A tsakanin nan ya riƙe hannuna a gadon asibiti ya ce, “Ka kai wa yarinyar nan kayan ubanta.”

To a nan laifina ya fara, kuma ba zan ɓoye shi ba, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gidanmu, kamar gidaje da yawa, ba a ta da maganar dukiyar mamaci sai an yi sadakar arba'in. Wanda ya yi gaggawa, sai a ce dama jira yake. Na zauna na yi tunani: ni ƙanen mamaci, a ganni ina fitar da babur daga garejinsa ana cikin zaman makoki, in nufi Sabon Gari da shi, me mutanen unguwa za su ce? Za su ce Baffa ya fara kwashe kayan marayu tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Saboda tsoron wannan magana na ce bari in jira kwana arba'in, in tara iyali, in faɗi wasiyya a gaban kowa. Na manta cewa ajiya ba gado ba ce, kuma babu malamin da ya taɓa cewa a jinkirta mayar da ita. Ba addini na bi ba, bakin mutane na bi.

Madam Ngozi ta zo gaisuwa ranar uku, ta lulluɓe kanta, ta zauna cikin mata, ta kawo buhun shinkafa. Ba ta ce uffan a kan babur ba. Ta san al'adarmu sarai, ita ma jiran arba'in take.

Wanda bai jira ba shi ne Kabiru. Shekarar ce sojoji suke shirin miƙa mulki, gari ya cika da fastoci da alkawura, kuma Kabiru ya ci zaɓen kansila, ana jiran rantsuwa. Abokan siyasarsa suka ce kansila ba ya zama babu ofis mai kallon titi, ga kuma shago a gaban gida ya cika da tarkace. Kwana ashirin da 'yan kai da rasuwar, ina kasuwa, ya kira 'yan gwangwan. Suka zo da kura uku. Kafin labari ya iske ni a Kwari, in bar shago a buɗe in bi su har inda suke tara ƙarafa, mai walda ya riga ya bi ta kan baburan duka tara. Sun raba ƙarfe gefe, alminiyam gefe, jan ƙarfe gefe, domin kowanne da farashinsa a kan sikeli. Naɗin wayar da aka yi wata uku ana fama da shi, a cikin tarin jan ƙarfe na gan shi an ƙone robarsa. Ban ga laifin 'yan gwangwan ba, sana'arsu suka yi.

Na dawo gida na tarar har an fara shafa wa garejin fenti kalar jam'iyya. Na kira Kabiru gefe, na tambaye shi ko ya manta na waye baƙin babur ɗin.

“Baffa, ƙarafa ne fa,” ya ce. “Zamani ya canza. Ka yi haƙuri a rantsar da mu, zan saya mata sabo dal a kwali.”

Ko a jikinsa. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Kuma ya cika alkawarin nasa, in alkawari ne: da aka fara rabon baburan Chana ga matasan jam'iyya, ya ware ɗaya ya aika mata. Washegari ta sa aka dawo da shi, da saƙon cewa ta gode, amma ita ba ta yi kamfe ba.

Ni ne na je na gaya mata abin da ya faru, kwana biyu bayan an yanka baburan. Ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba, alhali daga Fagge zuwa shagonta ba ta kai a hau mota ba. Ta saurare ni har na gama, ƙafarta a kan keken ɗinki. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko babur ɗin ya tashi kafin Baba Tanimu ya rasu. Na ce ya tashi, ni ma na ji. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da ɗinkinta. Ba ta daina sayen kaya a wurina ba har na bar kasuwa, kuma ba ta sake ta da maganar ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga garin nan yau. Baburan da aka raba a wancan lokaci sun zama acaɓa, sun cika titi har mutum ba ya iya tsallakawa, daga baya aka hana goyo, adaidaita sahu suka maye gurbinsu. Ko ɗaya daga cikinsu ban ga ya kai shekara goma a raye ba. Makanikan yanzu kuma, ban da ƙalilan, ba gyara suke ba, canji suke: a cire wannan a jefar, a sa sabo, bayan wata uku a sake cirewa. Yaya yakan kwance kafireto ya shimfiɗa kayansa a kan tsumma a jere, ya wanke kowanne da fetur, ya hura, ya mayar. Da zai ce mun zama mutanen da ba sa riƙe komai, ba babur kaɗai ba. Amma na san akwai abin da zai faranta masa. Akwai wasu matasa yanzu da suke bin lunguna suna neman tsofaffin babura, suna tayar da su, suna fita da su a jere ranar Lahadi. Biyu sun taɓa zuwa wurina suna tambayar ko da sauran wani abu na Tanimu Mai Babur, ko da sifana ce. Na ba su shayi na sallame su, don kunya ta hana ni gaya musu inda tara suka tafi.

Yanzu ga maganar katin. Kabiru ya yi gaba a siyasa, ya zama Honarabul, ya bar Fagge ya gina gida mai get biyu. Da ya ga manyan mutane sun fara yayin tara tsofaffin motoci da babura, shi ma ya shiga. Ya yi odar wani baƙin babur na Ingila daga ƙasar waje, irin wancan sak, har da zanen zinare a tanki, ya sa aka yi masa ɗaki na gilashi a falonsa. Katin yana gayyatata walimar cika shekara ashirin da biyar da rasuwar mahaifinsa, inda za a nuna wa baƙi, kamar yadda aka rubuta, babur ɗin marigayi wanda iyalinsa suka adana. An sa hoton babur ɗin a gefe ɗaya, hoton Yaya a ɗaya gefen. An kuma rubuta cewa ni ne uban taro.

Ƙarya biyu ce a layi ɗaya. Ba wannan ne babur ɗin ba, kuma wancan ɗin ma ba na marigayi ba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin da uku yana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa wannan ba nasa ba ne, yau ɗan cikinsa ya buga a kati cewa nasa ne. Sayar da baburan da Kabiru ya yi na iya cewa ƙuruciya ce da zumuɗin mulki. Wannan kuwa da furfurarsa ya yi shi. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya san ba zan yi magana ba. Ya gwada ni sau ɗaya ya ga irin kunyata, shi ya sa ya sa sunana a sama. Hausawa sun ce kunyar marar kunya asara ce, ni kuwa na yi asarar har da riba.

Makon jiya na ɗauki katin na tafi Sabon Gari. Madam Ngozi ta tsufa, idonta ya rage gani, 'yarta ce ke riƙe da shagon. Na karanta mata abin da aka rubuta. Na ce mata idan tana so zan je in tsaya a kan Kabiru sai ya ba ta wannan na gilashin, ko da za mu ɓata har abada.

“Alhaji, me zan yi da babur ɗin wani Bature?” ta ce. “Babana bai taɓa hawansa ba. Ni tun tuni na haƙura da ƙarfe. Abin da ban haƙura da shi ba, jikokina suna ganin labari nake ƙirƙira. In na ce musu wani Bahaushe a Fagge ya riƙe wa kakan uwarsu amana shekara talatin da uku, sai su yi dariya su ce ina shaida. A gidanku babu wanda ya taɓa faɗa a gaban mutane.”

Gaskiya ta faɗa. Mun yi ta faɗa a cikin ɗaki, mun yi ta jin haushin juna a ɓoye, amma a waje mun rufa wa kanmu asiri, kuma da wannan rufin muka binne abu mafi kyau da yayana ya yi a duniya. Garejinsa ya zama ofis, ofishin ya zama shagon sayar da waya. Baburansa sun narke, wataƙila suna cikin rodin wani gini. Almajiran da ya koya wa sana'a yawanci sun bi shi. Idan aka auna, abin da ya rage na Tanimu shi ne an ba shi ajiya a ranar da babu mai tambayarsa, ya riƙe. Shi ma ɗin an kusa shafe shi da kati ɗaya.

Saboda haka ba zan je walimar ba, kuma wanda zai je ya ci shinkafa ya san abin da yake kallo a cikin gilashi. Ga shaidata, ni da na ga ranar da aka kawo shi da ranar da aka yanka shi, kuma ina roƙon 'yar Madam Ngozi ta karanta wa 'ya'yanta da ƙarfi. Baƙin babur ɗin da ya zauna a garejin Tanimu na kakan mahaifiyarku ne, Mista Nduka. Yayana ya riƙe masa shi shekara talatin da uku bai taɓa hawa ba. Da ya dawo hannunmu, ni da Kabiru, ko wata ɗaya bai yi ba.